Da Na Sani Ƙeya Ce: Hukuncin Da Ake Yi Wa Masu Horar Da 'Yan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda ba ta fashi. Kowace shekara, idan watan Nuwamba ya kusa ƙarewa, manyan jami'o'in da suka daɗe suna hamayya da juna sukan kara a fagen ƙwallo. Kafin 'yan kallo su gama fita daga fili, an riga an kafa kotu a gidajen rediyo da shafukan jaridu, ana tuhumar mutum guda, watau kocin da aka ci. Don me ya ce a ruga da ƙwallo bai ce a jefa ba? Don me ya buga bai jira ba? Mu dai ra'ayinmu shi ne, yawancin wannan hukunci babu adalci a cikinsa. Ana auna shawarar mutum da abin da ya faru bayanta, alhali kuwa mudun gaskiya shi ne abin da ya sani a sa'ad da ya yanke ta. Zafin hamayya kuma shi ne babban abin da ke lanƙwasa wannan mudu.

Ya kamata mu fara da ɗan bayani, gama wannan ƙwallo ba irin ta ƙafa da muka saba ba ce. Doguwa ce mai siffar ƙwai, kuma yawanci da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun cika a ƙara masu wasu huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ita ya sami maki 6, sa'an nan a ba shi zaɓi: ko ya buga ta tsakanin turaku biyu ya ƙara maki 1, abin da kusan kullum yakan yiwu, ko ya sake yunƙurin tsallaka layin daga kusa ya ƙara maki 2, abin da sau da yawa yakan gagara. Bugu tsakanin turakun a tsakiyar wasa kuwa maki 3 ne. Wasan yakan tsaya bayan kowane yunƙuri, koci ko mataimakinsa ya zaɓi dabarar da za a yi a gaba. Ke nan a wasa ɗaya yakan yanke shawara fiye da sau 60 a idon jama'a, a filayen da waɗansunsu, kamar na Jami'ar Mishigan, suna ɗaukar mutum sama da 107,000. Babu inda zai ɓoye kansa.

Bari mu ɗauki shawara biyu waɗanda har yau Amurkawa ba su gama gardama a kansu ba. Ran 19 ga Nuwamba 1966, Notre Dame, jami'ar 'yan Katolika da ke jihar Indiyana, tana ta ɗaya a ƙasar, ta je gidan Jami'ar Jihar Mishigan wadda ke ta biyu. A lokacin babu dokar ƙarin lokaci, sai a 1996 aka kawo ta cikin wasannin kaka na manyan jami'o'i. Ana 10 da 10, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, ƙwallo ta zo hannun Notre Dame tana nesa da layin da take nema. Kocinta, Ara Parseghian, ya sa yaransa suka riƙa rugawa da ita a ƙasa har lokaci ya ƙare, aka tashi kunnen doki. 'Yan kallo suka yi masa ihu, 'yan jarida suka yi masa ba'a suka ce tsoro ne. Wannan magana ta bi shi har ya rasu a 2017.

To, me Parseghian ya sani a wannan minti? Ya san babban mai jefa masa ƙwallo ya ji rauni tun farkon wasa an fitar da shi. Ya san gwaninsa na gudu bai buga ba sam, domin ya zame yana saukowa daga jirgin ƙasa ya ji ciwo a kafaɗa. Ya san yaron da ya maye gurbin mai jifa yana fama da ciwon sukari, ga gajiya ta kama shi. Ya kuma san in aka cafke jifa ɗaya a wannan wuri, mai bugun abokan karawa, wanda ke bugu ba takalmi, ya riga ya ci daga nisan yadi 47 a wannan yini. Bugu da ƙari, yana da sauran wasa ɗaya a gaba, su kuwa sun gama nasu. Sai ya ga ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mako na gaba Notre Dame ta lallasa Jami'ar Kudancin Kalifoniya 51 da 0, aka zaɓe ta zakarar ƙasa. Amma ko da a ce ba a zaɓe ta ba, shawarar tana da hujjarta.

Shawara ta biyu kishiyar wannan ce. Ran 2 ga Janairu 1984, Nebraska ta kara da Jami'ar Mayami a wasan ƙarshe na kaka. Nebraska ta ci wasanninta 12 duka, ita ce ta ɗaya, kuma Texas da ke bi mata ta riga ta sha kashi a wannan rana. Saura daƙiƙa 48 Nebraska ta tsallaka layi, maki ya zama 31 da 30, Mayami na gaba. Da koci Tom Osborne ya ce a buga maki 1, da an tashi canjaras, kuma masana da yawa sun yarda cewa da Nebraska za a ba kambin. Ya ƙi, ya nemi maki 2 domin ya ci wasan a fili. Aka jefa, wani ɗan Mayami ya taɓa ƙwallon da yatsu ta kauce, Mayami ta zama zakara karo na farko a tarihinta. Mutane suka yaba wa Osborne suka ce namiji ne. Amma fa bakin da ya yabe shi, shi ne ya shekara goma yana cewa mutumin nan ba ya iya cin babban wasa, har sai da ya ɗauki kambi a 1994, ya ƙara a 1995 da 1997.

Abin da muke so masu karatu su lura da shi shi ne, a hannun jama'a akwai mudu biyu na algus. Na ɗaya shi ne sakamako: wanda ya ci gwani ne, wanda aka ci wawa ne. Na biyu shi ne burga: wanda ya yi kasada jarumi ne, wanda ya yi hattara matsoraci ne. Da na biyun aka auna Parseghian aka ƙasƙantar da shi, da duka biyun aka auna Osborne, yau yabo gobe zargi. Alhali kowannensu ya dubi abin da ke hannunsa ne. Parseghian yana da raunanan yara da sauran wasa a gaba. Osborne ba shi da sauran wasa, yana kuma da ƙungiyar da ke cin kimanin maki 50 a kowace karawa, wadda yadi uku bai kamata ya gagare ta ba. Da yatsun ɗan Mayami sun kuskure ƙwallon da faɗin ƙwayar gero, da yanzu ana koyar da shawarar Osborne a matsayin hikima. Shin kaifin hankalin mutum yana rataye ne a kan yatsun wani?

Akwai misali na kusa wanda ya nuna yadda ake iya raba tsaba da tsakuwa. A jihar Alabama babu gabar da ta kai ta Jami'ar Alabama da Jami'ar Auburn, har ma sun taɓa yanke wasa tsakaninsu daga bayan 1907 sai a 1948 suka koma. Ran 30 ga Nuwamba 2013 suka haɗu a gidan Auburn, Alabama tana ta ɗaya, tana riƙe da kambin shekara biyu a jere. Ana 28 da 28 agogo ya nuna lokaci ya ƙare, amma da aka duba hoton bidiyo aka mayar wa Alabama daƙiƙa ɗaya. Koci Nick Saban ya zaɓi a gwada bugu daga yadi 57 maimakon a tafi ƙarin lokaci. Bugun bai kai ba. Wani ɗan Auburn mai suna Chris Davis, wanda ke tsaye a gindin turaku, ya cafe ƙwallon ya ruga da ita tsawon fili duka, Auburn ta ci 34 da 28.

Washegari kowa ya zama malami, ana cewa ai da Saban ya jira. Wannan ihu bayan hari ne. A ganinmu zaɓin bugun ba laifi ba ne, gama in ya shiga an ci, in bai shiga ba abin da aka saba gani shi ne a tafi ƙarin lokaci, kuma ba safai ake mayar da irin wannan bugu har ƙarshen fili ba. Inda zargi ya halatta wani wuri ne dabam. Auburn ta tsayar da wasa kafin bugun, ta ajiye mai gudu a gindin turaku, kowa yana gani. Mutanen da Alabama ta jera kuwa yawancinsu ƙarti ne masu nauyi, aikinsu tare hanya, ba bin mai gudu ba. Wannan abu ne da ake iya gani kafin a buga, saboda haka tambayar Saban a kansa daidai ce. Wanda ya tsaya a nan ya yi gyara. Wanda ya zarce ya ce mutumin da ya ɗauki kambin ƙasa sau bakwai a rayuwarsa bai san aikinsa ba, son zuciya ne ya yi masa jagora.

Kada wani ya ɗauka muna cewa koci ba ya kuskure. Yana yi, kuma mudun da muke ba da shawara shi ne ya fi saurin kama shi. Ran 7 ga Oktoba 2023, Mayami tana gaban Georgia Tech 20 da 17, saura kimanin rabin minti, ƙwallo na hannunta, abokan karawa kuma ba su da sauran damar tsayar da agogo. Dokar wasan ta yarda mai riƙe da ƙwallo ya durƙusa kawai agogo ya ci gaba da tafiya. Durƙuso ɗaya ya isa a tashi. Amma aka ce a ruga. Ƙwallo ta suɓuce, Georgia Tech ta ɗauka, ta tsallaka layi saura daƙiƙa ɗaya, ta ci 23 da 20. Koci Mario Cristobal ya amsa cewa durƙusawa ya kamata a yi. Garin neman gira aka rasa ido. Ga gwajin da za a yi wa kowace shawara: a ce yaron bai saki ƙwallon ba, Mayami ta ci, shin shawarar ta zama daidai? Ko kaɗan. An ɗauki haɗari inda babu ribar da za a samu. Mai auna da sakamako da bai ma lura da kuskuren ba, da ya tafi gida yana tafi.

Yanzu mu zo kan hamayya, gama ita ce take sa mutane su jefar da mudun kirki. Babu wadda ta kai ta Jami'ar Jihar Ohayo da Jami'ar Mishigan suna, waɗanda suka fara karawa a 1897. (Jami'ar Mishigan dabam take da Jami'ar Jihar Mishigan da muka ambata a baya.) A 1968 kocin Ohayo, Woody Hayes, yana gaba da tazarar da ba mai kamo shi, wasa ya kusa ƙarewa, amma ya nemi ƙarin maki 2, abin da 'yan Mishigan suka ɗauka cin fuska ne. Aka tashi 50 da 14. Shekara ta zagayo, Mishigan ta ɗauki sabon koci, Bo Schembechler, wanda ya taɓa zama mataimakin Hayes. Ya sa lamba 50 a idon yaransa lokacin atisaye don kada su manta. Suka ci Ohayo 24 da 12, suka katse mata nasara 22 a jere. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ashe gaba ba 'yan kallo kaɗai take rufe wa ido ba, har shi kocin takan sa ya yanke shawarar da ba ta da amfani ga wasa sai huce haushi.

Malami da almajirinsa suka shekara goma suna fafatawa, Mishigan ta ci biyar, Ohayo huɗu, ɗaya kunnen doki. Uku na ƙarshe duk Hayes ne ya sha kashi. Wata guda bayan na ukun, ran 29 ga Disamba 1978, a wasa da Jami'ar Clemson, wani ɗan wasansu ya cafke jifan Ohayo, sai dattijon nan mai shekara 65 ya kai masa naushi a gaban kyamarar talabijin. Washegari aka sallame shi, bayan shekara 28 a kan aiki. Daga baya John Cooper ya riƙe Ohayo daga 1988 zuwa 2000, ya ci wasa 111, amma a karawa 13 da Mishigan biyu kacal ya ci. Aka sallame shi a Janairu 2001, kuma da waɗannan biyun ake tunawa da shi, ba da 111 ba.

Labarin Ryan Day ya fi kowanne koyarwa. Mishigan ta ci Ohayo a ƙarƙashinsa sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024. Na huɗun ya fi ciwo, domin ran 30 ga Nuwamba 2024 a gida aka ci su 13 da 10, alhali kowa ya ɗauka Ohayo za ta ci da tazara mai yawa. Masu suka suka ce Day da mataimakansa sun nace da rugawa ta tsakiya, inda ƙarfin Mishigan yake, ga su kuwa da gwanayen cafe jifa da babu kamarsu a ƙasar. Mun yarda akwai gaskiya a wannan suka, domin abu ne da aka sani tun kafin wasa. Amma magoya baya da yawa ba su tsaya nan ba, suka ce a kore shi, bai cancanta ba. Bayan kwana 51, ran 20 ga Janairu 2025, wannan mutum da waɗannan yara suka ci Notre Dame 34 da 23 suka zama zakarun ƙasa, bayan sun ci Tennessee da Oregon da Texas. Sukar dabarar ta yi daidai, hukuncin da aka yanke wa mutumin kuwa ƙarya ne. Da shugabannin jami'ar sun bi ihun wannan dare, da sun zubar da abin da suke nema da hannunsu.

Wani zai ce, ai wasa ne, me ya yi zafi? Wani kuma ya ce, mutanen nan miliyoyin daloli ake biyansu, in an zage su sun ci kuɗin zagi. Gaskiya ne kuɗin yana da yawa. Da Jami'ar Texas A&M ta sallami Jimbo Fisher a Nuwamba 2023, sama da dala miliyan 70 ta ɗauki nauyin biyansa. Mai karɓar irin wannan albashi dole ya amsa tambaya, ba mu musa ba. Amma albashi ba ya mayar da ƙarya gaskiya, kuma wutar ba a kan koci kaɗai take tsayawa ba. 'Yan wasan nan ɗalibai ne, yawancinsu tsakanin shekara 18 da 23. Bayan wasan 2013, mai bugun Alabama wanda bugunsa uku suka ƙi shiga a wannan dare ya sha zagi da barazanar kisa daga mutanen da ke kiran kansu magoya bayan makarantarsa, har tsohon shugaban ƙasa George W. Bush ya rubuta masa wasiƙar ƙarfafa zuciya. Bayan wasan 2010, wanda Auburn ta ci 28 da 27, wani mai goyon bayan Alabama ya zuba guba a gindin tsofaffin itatuwan da 'yan Auburn ke taruwa ƙarƙashinsu don murna. Itatuwan suka mutu aka sare su a 2013, shi kuma ya shiga kurkuku. Bayan wasan 2024 'yan wasan Ohayo da na Mishigan suka kaure da faɗa a tsakiyar fili saboda kafa tuta, har 'yan sanda suka fesa barkono, aka ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Duk waɗannan 'ya'yan uwa ɗaya ne: tunanin cewa wasa guda shi ne darajar mutum, kuma idan an sha kashi lalle sai an sami wanda za a rataya wa laifi.

Ba muna cewa a kashe hamayya ba ne. Ita ce gishirin wasa, ita ke cika fili, ita ke sa tsoho ya tuna shekarar da ya yi makaranta. Gardama a kan dabara ma abu ne mai daɗi, tana wasa ƙwaƙwalwa. Abin da muke roƙo shi ne mai gardama ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya buɗe baki. Me mutumin ya sani a lokacin, ban da abin da ni na sani yanzu? Waɗanne hanyoyi ne ke gabansa, mene ne ribar kowace da haɗarinta? Sa'an nan, da a ce abin ya yi kyau, da zan ce kuskure ne? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya zai wanke Parseghian da Osborne, ya yi wa Saban da Day gyara a inda ya dace, ya kama Cristobal ko da ya ci. Zai kuma gane cewa wani lokaci sa'a ta fi sammako, ba kowace faɗuwa ce take da mai laifi ba.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Mai zama a kan benci yana ganin ƙeyar wasa bayan ya wuce, shi kuwa koci goshinsa yake fuskanta, agogo na tafiya, dubban mutane na ihu a kansa. Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar wani abu, ko gida ne ko makaranta ko kwamiti, ya san bambancin waɗannan wurare biyu. Mu riƙa tambayar masu yanke shawara, gama haƙƙinmu ne, amma mu auna masu da mudun da za mu so a auna mana ranar da namu bugun ya ƙi kaiwa.